Samanja Chari Maigumeri: Sojan Ƙasa Da Ya Yi Yaƙi A Ƙarƙashin Tuta Biyu



A Lokoja akwai barikin soja da ake kira Barikin Chari Maigumeri. Direbobinmu masu kai doya kudu sun san sunan, masu sauraron labarai ma sukan ji shi jefi-jefi. Amma in aka tsayar da mu aka ce wane ne mai sunan, da yawanmu sai mu yi tsuru-tsuru. Wasu sun ɗauka wani janar ne na zamanin mulkin soja. To ba janar ba ne, bai yi gwamna ba, bai taɓa riƙe ma'aikata ba. Sojan ƙasa ne, irin wanda ke saɓa bindiga ya taka da ƙafarsa, wanda in an ce a hau dutse shi ke hawa, in an ce a tsallaka kogi shi ke fara jiƙa wando. Ya yi yaƙin duniya na farko, ya yi na biyu, kuma abin mamakin shi ne ya fara ne a ɓangaren Jamus, ya ƙare a ɓangaren Ingila. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan shafi domin ta kansa za mu hango dubban kakanninmu da suka sa kaki, waɗanda su ko bariki ba a sa wa sunansu ba.

Mutumin ƙasar Barno ne. Mu da ke zaune a ƙasar Lafiya, wadda har yau ake yi wa kirari da Lafiyar Barebari, ba za mu ce baƙo ne a wurinmu ba. Amma me ya kai ɗan Barno cikin sojan Jamus? Amsar tana cikin rabon da Turawa suka yi wa ƙasar. Bayan da Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilu na 1900, sai aka yanka daular Barno gida uku kamar naman watanda. Ingila ta ɗauki kaso mafi girma, Faransa ta ɗauki nata, Dikwa da kewayenta kuwa suka faɗa hannun Jamus, aka haɗa su da Kamaru. Mutane ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, amma tuta uku. Saurayin da ke neman aikin soja a wancan lokaci ba ruwansa da rigimar Landan da Balin. Barikin da ya fi kusa da shi, ko wanda ya ji ana ɗaukar kurata, can zai nufa. A 1913, yana matashi, Chari ya shiga rundunar Jamus ta Kamaru. Shekarar nan kuwa ita ce ta babban fari da ya jawo yunwar 1913 zuwa 1914 a ƙasashen arewa, lokacin da aikin da ke da tabbacin abinci da albashi ba abin rainawa ba ne.

Bai daɗe da sa kaki ba yaƙi ya ɓarke a Turai a watan Agusta na 1914, kuma nan da nan tartsatsinsa ya iso bakin Binuwai. Jamusawa sun gina ganuwa mai ƙarfi a Garwa, da ramuka da waya da bindigogi masu jigida. A ƙarshen wannan wata na Agusta sojojin Nijeriya suka taso daga Yola suka kai wa Garwa hari, aka fatattake su, kwamandansu Laftanar Kanar Maclear ya mutu a wurin. Mu lura da abu ɗaya a nan: waɗanda ke harbi daga cikin ganuwa da waɗanda ke kutsowa daga waje, in ka cire 'yan tsirarun Turawan da ke ba da oda, duk 'yan ƙasar nan ne. Ba mamaki wani na ciki ya haɗa kasuwa da wani na waje kafin yaƙi. Labarin da ya shahara a rundunar soja shi ne, saboda jarumtar da Chari ya nuna a faɗan arewacin Kamaru, Jamusawa sun ba shi lambar nan tasu da ake kira Iron Cross.

Ingilishi ba su haƙura ba. A 1915 suka dawo tare da Faransawa a ƙarƙashin Kanar Cunliffe, wannan karon da manyan igwa. Ɗaya daga cikinsu ma daga jirgin ruwan yaƙi aka ciro ta, aka hauro da ita ta Kwara da Binuwai, wato ta wuce ta kogin nan da ke kudu da mu. Da aka yi kwanaki ana ruwan wuta, sojojin cikin ganuwa suka karaya, wasu suka faɗa Binuwai don su tsira, ruwa ya ci da yawa. Ranar 10 ga Yuni 1915 Garwa ta miƙa wuya. Chari yana cikin waɗanda aka kama. Sauran Jamusawan arewa suka maƙale a kan dutsen Mora har watan Fabrairu na 1916, daga nan mulkin Jamus a Kamaru ya zama tarihi.

A 1917 sai ga fursunan jiya ya zama sojan Ingila. Wani zai ce wannan ai cin amana ne. Mu dai ba mu ga haka ba. Amanar wa ya ci? Jamus ba ƙasarsa ba ce, Ingila ma ba ƙasarsa ba ce. Wanda ya ɗauke shi aiki ya tattara ya tafi, sana'ar da ya iya kuwa ita ce soja. Su kansu Ingilishi ba su ɗauki abin da zafi ba, domin suna matuƙar buƙatar ƙwararrun mutane, kuma sun ɗanɗana horon da Jamusawa ke ba sojojinsu. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne inda aka tura shi: gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, don ya yaƙi Jamusawan da ya bari.

Wannan fage ba na wasa ba ne. Birged ɗin Nijeriya, a ƙarƙashin Cunliffe ɗin nan dai wanda ya ci Garwa, ya sauka Darussalam a ƙarshen 1916. Kwamandan Jamus, Paul von Lettow-Vorbeck, ba ya tsayawa a yi gaba da gaba sai in ya ga zai ci riba. Ya sara ya janye, a bi shi cikin daji, zazzaɓi da atini su yi masa sauran aikin. A daminar 1917 sojojin Nijeriya da ke bakin kogin Rufiji sun sha yunwa har suna tonon saiwoyi, saboda ruwa ya yanke hanyar kawo abinci. A watan Oktoba na shekarar aka yi karon Mahiwa, wanda shi ne mafi zubar da jini a duk yaƙin gabashin Afirka, kuma 'yan Nijeriya sun yi asarar mutane da yawa a cikinsa. Birged ɗin ya dawo gida a farkon 1918. Shi kuwa Lettow-Vorbeck bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba 1918, mako biyu bayan an tsagaita wuta a Turai.

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan duba rundunar da Chari ya shiga, don a san irin gidan da ya yi shekara 36 a cikinsa. Asalinta yana komawa ga 'yan tsirarun Hausawan da Kyaftin Glover ya tara a Ikko a 1863. A 1897 aka ba Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba za mu ɓoye ta ba: kakin da muke magana a kansa shi ne kakin da aka murƙushe sarakunanmu da shi. Shi ya sa a garuruwa da yawa iyaye ba sa son ɗansu ya shiga soja, kalmar bariki ma ta ɗauki wata ma'ana da duk mun sani. Harshen rundunar Hausa ne. Ko Babarbare ne kai, ko Tibi, ko Bazabarme, ko ɗan Dakarkari, da Hausa za a yi maka magana, hafsoshi Turawa ma sai sun ci jarrabawar Hausa. Kayan faretinsu jar dara ce da 'yar shara ja da ɗamara da gajeren wando na kaki, ƙafa kuwa ba takalmi. Bulala tana cikin horon da doka ta yarda da shi. Wajen rubuta suna kuma, magatakarda yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari: wane Kano, wane Bauci, wane Lafiya. Sunan uba ba ya shiga. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A cikin wannan gida Chari ya yi ta hawa, daga farabiti zuwa kofur, zuwa saje, har a ƙarshen shekarun 1920 ya zama babban samanjan Bataliya ta 3 ta sojojin Nijeriya. Yaran yanzu in sun ji samanja, marigayi Usman Baba Pategi suke tunawa da shirinsa na Samanja Mazan Fama, da gashin baki da tsawa. To ainihin aikin ya wuce tsawa. Samanja shi ne gadar da ke tsakanin hafsoshi Turawa da ɗaruruwan sojoji. Baturen da aka turo daga Ingila zai yi 'yan shekaru ya koma, samanja yana nan. Shi ya san wanda ke da zuciya da wanda ke da baki kawai, shi ke mayar da kurtu soja, shi ke kashe rigimar bariki tare da magajiyar matan soja tun kafin ta kai ofis. Amma nan ne iyakar tsanin. Komai daɗewar baƙar fata, komai lambobin da ke ƙirjinsa, ba a ba shi muƙamin hafsa. Saje Bature da ya sauka daga jirgi jiya, wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, yana gaba da shi a tsari. Mutumin da ya ga Garwa ya ga gabashin Afirka haka ya yi ta ƙamewa yaran da ya haifa.

Da yaƙin Hitila ya zo, Italiya ta shiga ɓangaren Jamus a watan Yuni na 1940. Italiya kuwa tun 1935 ta afka wa Habasha, ta kori Sarki Haile Selassie, ga kuma Somaliya a hannunta. Sai aka kwashi bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Kenya, aka kira su Birged na 23. Abin da suka yi a farkon 1941 ya cancanci a riƙa koya wa yaranmu a makaranta. Bayan an tsallake kogin Juba, su ne suka shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu. Man fetur ɗin da Italiyawa suka gudu suka bari a can shi aka ɗura wa motoci, aka miƙe arewa ta cikin hamadar Ogaden. Ranar 17 ga Maris suna Jijiga. Suka fasa mashigin dutsen Marda, suka wuce Babile, kafin watan ya ƙare suna cikin Harar, tsohon birnin Musulmi mai ganuwa. Tafiyar ta fi mil dubu cikin kimanin wata guda, ana yi ana faɗa. A farkon Afrilu Addis Ababa ta faɗi, ranar 5 ga Mayu Haile Selassie ya koma gadonsa. Sojojin Nijeriya suka ci gaba da bin ragowar Italiyawa har bakin kogin Omo a kudu maso yamma. A wannan yaƙi na Habasha ne Chari Maigumeri ya sami lambar jarumta ta Military Medal, wadda ba a ba mutum don daɗewa a aiki sai don abin da ya yi a gaban wuta. A lokacin ya haura shekara arba'in.

A gida ma yaƙin bai bar kowa ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa aikin tilas a ramukan kuza, har da mutanen Lardin Binuwai, wanda Lafiya ke cikinsa a lokacin. Mutanen da suka saba da zafin kwari aka kai su sanyin tsauni ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ba su dawo ba. Layin dogon nan da ya ratsa ta tasharmu ta Agyaragu, daga Fatakwal ta Makurɗi zuwa Kafanchan, yana cikin hanyoyin da suka ɗauki nauyin yaƙin: kuza da gawayin Inugu da amfanin gona da mutane. Ɗaukar soja kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka bi. A takarda sa kai ne, amma in Di'o ya ce ana son mutum kaza daga gunduma, kowa ya san yadda dagaci ke cika lissafi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ke kai wa jama'a labarin fagen fama, mai karatu ɗaya ya karanta, mutum goma su saurara.

Sai Bama. Wannan shi ne sunan da ya zauna a bakin tsofaffinmu, har aka riƙa ce wa tsofaffin sojoji 'yan Bama. Janar Giffard, wanda ya daɗe yana shugabantar sojojin Afirka ta Yamma kafin a mayar da shi Indiya, shi ya matsa a kawo su, a kan hujjar cewa mutanen Afirka sun saba da kurmi kuma suna iya ɗaukar kaya a ka inda mota ba ta shiga. Rabin maganar gaskiya ne, rabi kuwa zato ne irin na wanda ya ɗauka Afirka duk daji ɗaya ce. Ɗan Katsina ko ɗan Gumel da ya tashi a fili fetal, inda ake hango raƙumi tun daga nesa, ina ya taɓa ganin kurmin gora da rana ba ta ratsa shi? A can suka koya, kamar yadda Bature ya koya.

Runduna biyu aka kafa a 1943, ta 81 da ta 82. Kimanin mutum 90,000 ne suka tafi daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Tambarin Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wanda mutanen Gwalkwas ke kira Ananse, ɗan'uwan Gizonmu na tatsuniya wajen wayo. Na Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammon nan ba ado ba ne. Kowace runduna tana da dubban sojoji 'yan dako waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, su hau tudu su gangara, sau da yawa ba bindiga a hannunsu sai adda. Da su aka yi yaƙin, amma su aka fi mantawa.

Runduna ta 81 ce ta fara shiga, a ƙarshen 1943, ta kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar mota mai tsawon mil saba'in da wani abu a cikin tsaunuka. Da suka yi nisa, sai ya zama ba abin da ke iso musu ta ƙasa, komai daga jirgin sama ake jefo shi da laima. Su ne babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita haka ɗungurungum. A watan Maris na 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a wajen Kyauktaw suka tilasta musu ja da baya, bayan damina suka sake dawowa. Birged ɗinsu na 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya, an cire shi an ba Janar Wingate, aka sauke su da jirage a bayan layin abokan gaba cikin mayaƙan da ake kira Chindit. Bataliya ta 3 kuwa, gidan Chari, tana cikin Runduna ta 82, wadda ta gangaro ta kwarin Kalapanzin ta kama Buthidaung a watan Disamba na 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan. Daga nan Runduna ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da hanyar An, inda aka yi faɗa mai tsanani, har damina ta sauka. Sauro da matsattsaku da ciwon ciki sun kwantar da mutane fiye da harsashi. A wannan zango an ambaci sunan Chari a rahoton yabo na manyan kwamandoji, kuma a 1944 aka ba shi lambar British Empire Medal saboda daɗewa da nagartar aiki. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gai da sojoji kafin yaƙin ya ƙare.

Arakan ɗin nan, ga masu bin labaran duniya, ita ce jihar Rakhine ta ƙasar Myanmar a yau, ƙasar Musulmin Rohingya da aka yi wa kisan ƙare dangi da kora a 2017. Buthidaung da kakanninmu suka kama tana cikin garuruwan da abin ya fi shafa. Akwai wani sojan asibiti Bayarabe, Isaac Fadoyebo, da aka harbe a bakin Kaladan a 1944, shi da wani ɗan Saliyo. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su ya ciyar da su wata da watanni, alhali in Japanawa sun gane, shi da iyalinsa sun halaka. Mun san wannan labari dalla-dalla saboda dalili ɗaya: Fadoyebo ya yi makaranta, ya dawo ya rubuta abin da ya gani, daga baya wani ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawu har ya gano iyalan Shuyiman. Namu na arewa mafi yawansu ba su yi boko ba. Labarinsu a bakinsu yake, a gindin bishiya suka ba da shi, yara suna dariya suna cewa tsoho ya fara sambatun Bama.

Yawancin sojojin ba su dawo gida ba sai 1946. Aka ba su ɗan kuɗin sallama da bai kai na takwarorinsu Turawa ba, wasu suka sami aikin ɗan doka ko masinja ko gadi a En'e, waɗanda suka koyi tuƙi suka zama direbobi, saura suka koma gona. Chari ya ci gaba da aiki. A 1953 yana cikin waɗanda suka wakilci sojojin Nijeriya a bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan, kuma a shekarar ya yi ritaya, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Wato sai ranar da zai tuɓe kaki aka ba shi abin da aka hana shi yana ciki. A wannan shekara ta 1953 ne kuma wani saurayi ɗan ƙasar Barno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da muƙaminsa na gaske.

Yanzu ku duba sunayen barikokinmu. Dodan da Myohaung da An da Arakan da Tamandu da Marda a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Kusan duk wuraren da muka ambata a sama ne. Mun adana sunayen ƙauyukan Bama, har Barikin Dodan ya zama fadar mulkin ƙasa na shekaru, amma mutanen da suka mutu a waɗannan ƙauyuka fa? A Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, cikinsu da 'yan Nijeriya, an rubuta su da irin sunan nan na magatakarda, wane Kano, wane Sakkwato. Wa zai gane kakansa a haka? Na yaƙin farko ma abin ya fi muni. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har sakataren tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa.

Ku kwatanta da Ostireliya, wadda ita ma ta yi wa Ingila yaƙi, sojojinta na ƙasa suka gwabza da Japanawan nan a tsaunukan Kokoda a 1942. A babban birninsu Kambera akwai bango mai ɗauke da sunayen mamatansu na yaƙi fiye da 100,000, ba a rubuta muƙamin kowa ba, farabiti da janar sahu ɗaya. Takardun aikin sojojinsu suna ajiye a gidan adana tarihi, da yawa an ɗora su a intanet, jika zai zauna a ɗakinsa ya ga ranar da kakansa ya shiga soja da ranar da aka kwantar da shi asibiti. Mu kuwa muna da 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a saki tantabaru a watse. Laifin Turawan mulki a nan a fili yake. Amma shekara sittin da wani abu da samun 'yanci, ba Bature ne ya hana mu tambayar tsofaffinmu ba.

Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yansu, su ma sun manyanta, da kuma abin da ke cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe da adudu. Don haka muna roƙon kowane gida a Agyaragu da ƙauyukan kewaye, Bahaushe ne ko Migili ko Eggon ko Alago ko Tibi ko Gwandara, in an san akwai wanda ya yi soja a zamanin Turawa, a bincika. Littafin sallama shi ne mafi daraja, domin yana ɗauke da lambar soja da bataliya da shekarun aiki, kuma da lambar ake gane mutum, ba da suna ba. A ɗauki hotonsa shafi-shafi da waya, kada a wanke shi, kada a liƙe shi da gam. A zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan a naɗi muryarta: sunan da ake kiransa a gida, sunan da aka rubuta masa a soja, wanda ya tafi tare da shi, wanda bai dawo ba. Wanda ya samu ya turo wa sakatare ta akwatin saƙon wannan shafi, za mu haɗa su wuri guda mu riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya da izinin iyalai.

In lambar yabo aka tarar, a duba ƙyallen da ke jikinta. Tauraro mai ƙyalle ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro, na Bama ne. Mai ƙyalle ruwan ƙasa da jan ratsi a tsakiya, na yaƙin Habasha da arewacin Afirka ne. Lambobin yaƙin farko suna da suna da lambar soja a sassaƙe a bakinsu ko a bayansu, a goge a hankali da tsumma za a gani. Na yaƙi na biyu kuwa, Ostireliya ta buga sunan kowane sojanta a kan nasa, amma waɗanda Ingila ta raba ba suna a jikinsu. Saboda haka in babu takarda, a rubuta sunan mai ita a 'yar ƙaramar takarda a ɗaura mata tun yau, tun akwai wanda ya san ko ta wace ce.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya